Wata biyar ina zuwa jim, tumbi yana nan: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: Malam, shekarata 41, ina sayar da atamfa da shadda a kasuwa, a zaune nake wuni a shago. Wata biyar ke nan da na yi rajista a gidan motsa jiki, kusan kullum nake zuwa bayan sallar asuba. Duk injin da na tarar babu kowa a kai shi nake hawa, in yi gumi in koma gida. Da kilo 96 na fara, yau ina 95, tsawona kuwa mita 1.72. Tumbin ko gezau, ga gwiwar dama ta fara ciwo. So nake tumbin ya tafi, in kuma yi ƙwanji irin na yaran da nake gani a wurin. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa:

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Wanda ya jera wata biyar yana fita bayan asuba ya riga ya tsallake ramin da yawancin mutane ke faɗawa, don da yawa daga waɗanda nake koyarwa ba sa cika wata biyu nake neman su in rasa. Naci kam kana da shi. Amsar tambayarka kuwa kai da kanka ka rubuta ta, inda ka ce duk injin da ka tarar babu kowa shi kake hawa. Ashe cunkoson mutane ne yake tsara maka aikin ranar.

Bari in tambaye ka. Ranar Talatar makon jiya, kilo nawa ka ɗaga, kuma sau nawa? Na san sai dai ka yi dariya. Amma da zan ce turmi nawa ka sayar a ranar, wa ya biya, wa ya ɗauka bashi, littafi za ka jawo ka nuna mini har da kwabo. Shagon da ba a rubuta shige da ficensa, mai shi zai iya shekara yana buɗewa yana rufewa, yana gajiya kullum, bai san ko uwar kuɗi yake ci ba. Haka ka yi wa jikinka wata biyar. Gumi shaida ce ta cewa jiki ya ɗauki zafi, ba ya nuna ko an ci riba.

Sai mu fara da abin da ka je nema. Ka ambaci biyu, tumbi da ƙwanji, kuma ka san abin da Hausawa suka ce game da taura biyu. Gaskiya ne mai sabon farawa da yake da kitse a jiki yakan ɗan samu duka biyun a watannin farko, kitse na sauka tsoka na ɗan ƙaruwa, amma dole ɗaya ya zama shi ne jagora, ɗayan ya biyo a matsayin gyara. A wurinka tumbi ne jagora, kuma ba don ado ba. Kitsen ciki, wanda yake lulluɓe hanji da hanta, shi ne ya fi tafiya tare da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya.

Ma'auninsa yana shagonka. Ɗauki tef ɗin awo irin na tela, da safe kafin ka ci komai, ka zagaya shi a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarinka na ƙasa da ƙashin ƙugu, wato wajen saitin cibiya ko sama da ita kaɗan. Ka saki numfashi, kada ka shanye ciki kamar mai jiran hoto. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kuma hukumar da ke fitar da ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa ta cikin shawarwarinta a 2022: faɗin ƙugun mutum ya kasance ƙasa da rabin tsawonsa. Tsawonka santimita 172, rabinsa 86, kusan inci 34 ke nan a lissafin tela. Da nauyin da ka faɗa, ina kyautata zaton za ka tarar ka haura 100. Kada hakan ya karya maka gwiwa, ba a cikin wata uku za a kai 86 ba. Burin da zan ba ka shi ne: nan da sati 12, kilo 5 zuwa 6 su sauka, tef ɗin kuma ya ragu da santimita 5 ko fiye. Rabin kilo a sati. Rubuta wannan a shafin farko na littafi, da ranar da ka fara da ranar da za a yi hisabi. “Ina so tumbi ya tafi” fata ne. Sai an sa masa lamba da rana yake zama aiki.

Yanzu ga maganar da masu zuwa jim ba sa son ji. Babu motsin da yake narkar da kitsen ciki shi kaɗai. Ko ka yi lanƙwasar ciki sau ɗari biyar a rana, tsokar da ke ƙarƙashin kitsen ce za ta yi ƙarfi, kitsen yana nan a samanta kamar katifa. Jiki yana ɗibar kitse ne daga ko'ina gwargwadon yadda aka halicce shi, kuma a maza da yawa ciki ne yake zama na ƙarshen sallama. Bel ɗin roba da ake ɗaurawa a ciki, da rigar leda da wasu ke sawa don su yi gumi, ruwa kawai suke matsewa. Ka sha ruwa kofi uku, nauyin ya dawo. A zafin watan Afrilu kuma rigar ledar nan tana iya kai mutum ƙasa.

Lissafin kuwa irin naku ne na 'yan kasuwa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700; kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, wanda motsi ke ƙonawa. Mutum mai nauyinka in ya yi rabin awa yana tafiya da sauri a kan injin gudu, abin da zai ƙona bai wuce kalori 200 zuwa 250 ba. Lemon kwalba guda na santilita 50 yana da sukari wajen giram 50, kalori kusan 200. Ka ga kwalba ɗaya da aka kawo maka don baƙo ya zo shago ta biya bashin gumin asuba gaba ɗaya. Ban san cimarka ba, amma na san kasuwa: shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku da rabin burodi da safe, shinkafa da wake da mai yana kwance a kai da rana, lemo ko zoɓo mai zaƙi duk lokacin da ciniki ya faɗa, ga tsire a hanyar gida, sannan tuwo malmala biyu ƙarfe goma na dare a kwanta. Wanda ya fara motsa jiki kuma yunwarsa takan ƙaru, ya riƙa ƙara loma bai sani ba. Shi ya sa wata biyar suka ba ka kilo ɗaya.

Ba na cewa ka zauna da yunwa. Rage kalori wajen 500 a rana ya isa ya sauke rabin kilo a sati, kuma yawancinsu za ka same su ba tare da ka taɓa tuwonka sosai ba: lemon kwalba ya fita sai ranar biki, sukarin shayi ya koma cokali ɗaya, malmala biyu ta koma ɗaya da rabi a ƙara miya da ganye, abincin dare ya matso kusa da magariba. Wake, ƙwai, kifi, awara, nono marar sukari da nama marar kitse su yawaita, domin su ne suke riƙe ciki kuma suke ciyar da tsoka. Ka yi wa uwargida bayani tun farko, in ba haka ba za ta ɗauka girkinta ne ka daina so, kuma wannan rigimar ba ta cikin abin da na karanta.

To, in abinci ne yake sauke tumbi, me ya rage wa jim? Abubuwa biyu. Na farko, in mutum yana rage nauyi ba ya ɗaga komai, abin da yake zubarwa har da tsoka, ga shi dama daga shekara 30 zuwa sama tsoka tana raguwa da kanta, wajen kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma ga wanda ba ya aiki da ita. Ƙarfe ne yake sanar da jiki cewa tsokar nan ana bukatarta, a ɗebi kitse a bar ta. Na biyu, zuciya da huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. A kan wannan za mu gina satinka.

Kwana uku za ka riƙa ɗaga ƙarfe, misali Litinin, Laraba da Asabar, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani, don tsoka a lokacin hutu da barci take ginuwa, tana bukatar kamar awa 48 kafin a sake matsa mata. Kowace rana jiki gaba ɗaya za ka taɓa. Ka manta da tsarin yaran nan na “yau ranar ƙirji, gobe ranar damtse”. Wannan na wanda ya shekara biyu yana yi ne kuma ba shi da shagon buɗewa. Duk injinan da ka gani a ɗakin, aikin da suke yi bai wuce kala biyar ba, kuma duka biyar ɗin ka san su tun kana yaro.

Akwai tsuguno. Saboda gwiwarka, ka sa benci a bayanka, ka rungume dambel, wato guntun ƙarfen nan mai nauyi da ake ɗagawa da hannu, a ƙirji, ka tura mazaunai baya kamar mai shirin zama a kujera, ka taɓa bencin ka miƙe, tafin ƙafa duka a ƙasa, gwiwa tana bin saitin yatsun ƙafa ba ta karkata ciki ba. Akwai ɗago kaya daga ƙasa, irin yadda ɗan dako gwani yake ɗaga dila: baya a miƙe, ƙugu ne yake lanƙwasa, kayan suna manne da ƙafa. Wannan shi ne motsin da na fi daɗewa a kansa da kowane sabon ɗalibi, domin shi yake gina gadon baya da bayan cinya, shi ne kuma yake ɓalla bayan wanda ya yi shi da ganganci. Sati biyun farko ka yi shi da nauyin da za ka raina, mai koyarwa yana tsaye yana kallon bayanka. Sai turawa, ko a kwance kan benci kana tura dambel sama, ko ka dafa ƙasa kana tura jikinka. Sai jawowa, da injin da ake jawo sanda daga sama zuwa ƙirji ko wanda ake jawowa a zaune kamar mai tuƙa kwalekwale. Na biyar, ka ɗauki dambel mai nauyi a kowane hannu ka yi tafiya taku 30 zuwa 40 a miƙe, kamar mai ɗauke da jarka biyu daga rijiya. Tsokar ciki tana shan aiki a wannan fiye da yadda kake zato.

Kowane motsi ka yi shi zubi uku, kowane zubi sau 8 zuwa 12, da hutun minti ɗaya da rabi zuwa biyu a tsakani. Nauyin da ya dace shi ne wanda in ka kai ƙarshen zubi za ka ji saura biyu kawai a jikinka. In za ka iya ƙara goma, wasa kake yi. In sai ka karkace kana ciccije za ka kai na takwas, ya yi maka yawa. Da ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma a farko, duka aikin ba zai wuce minti 50 ba.

A nan littafin yake shigowa, kuma wannan ne abin da ya ɓace maka tun farko. Jiki yana canzawa ne kawai in an nemi abin da ya ɗan fi wanda ya saba. Kilo goman da ya wahalar da kai a watan farko, a wata na biyar ya zama kamar ɗaukar buta. Layi ɗaya ya isa: “Litinin, tsuguno, kilo 12: 10, 10, 8. Gwiwa lafiya.” Ranar Laraba ka buɗe, ka nemi 10, 10, 9. Ranar da ka cika 12 a duka zubi uku, ka kuma maimaita hakan a zuwa na gaba, sai ka ƙara kilo ɗaya ko biyu ka koma 8. Shi ke nan sirrin, babu wani a bayansa. Wanda ya shigar da wannan tsari cikin aikin likita wani likitan sojan Amurka ne, Thomas DeLorme, da ya yi jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu a wani asibitin soja a Chicago. A lokacin an saba lallaɓa masu rauni da motsi marar nauyi, shi kuwa ya sa su ɗaga nauyi ana ƙara musu kaɗan-kaɗan, suka riƙa warkewa da sauri. Ya wallafa sakamakon a 1945, kuma a 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita shi zuwa zubi uku na sau goma-goma, wanda har yau shi ake bi a gidajen motsa jiki. Abin da zai ba ka sha'awa, yawancin aikin nasa na farko a kan gwiwa ne.

Sai kuma tafiya. Minti 30 zuwa 40, kwana huɗu ko biyar a sati, har da wasu daga ranakun ɗaga ƙarfe, da saurin da za ka iya yin magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ba sai a jim ba. Ka ajiye mota nesa da ƙofar kasuwa, ka zaɓi masallacin da ya fi nisa, ka yi zagayen minti goma bayan cin abincin rana maimakon kishingiɗa a kan dila. Kwana ɗaya a sati kuma ka huta sarai. Barci ya kai awa bakwai. Mai tashi asuba da yake hira a majalisa har sha biyun dare yana yi wa kansa zagon ƙasa, don ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Dalilin da ya sa na nace a kan buri shi ne, da wani ne ya aiko da tambayar, da amsar ta sauya. Saurayi siriri mai kilo 60 da yake son cika riga, shi ƙara ci zan ce ya yi, ya nemi furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa, kusan giram 96 a rana, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne, ya kuma rage yawan gudu. Mai neman shiga aikin soja gudu zan ɗora shi a kai, ƙarfe ya zama ƙari. Na taɓa shirya wata dattijuwa da za ta sauke farali. Ita ba ruwanta da sikeli, damuwarta Safa da Marwa, wanda zuwa bakwai ɗinsa ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar Mina. Wata huɗu muka yi muna ƙara mata tafiya da tashi daga kujera ba dafawa, ta je ta dawo ba a tura ta a keke ba. Ɗaki ɗaya, injina iri ɗaya, amma kowa da abin da ya kamata ya taɓa da wanda ya kamata ya wuce.

Game da yaran da kake gani, kama da wane ba ta wane. Ɗan shekara 22 da ba ya ciyar da kowa, yana barcin rana, jikinsa yana farfaɗowa da saurin da naka ba zai yi ba. Ka kuma duba su da kyau, da yawa ƙirji kamar ƙofar gari, ƙafafu kamar na zalɓe, domin abin da madubi ke nunawa kawai suke yi wa aiki. Wasu kuma, ba duka ba, akwai allura a cikin lamarin. Sinadaran ƙara tsoka da ake sayarwa a ɓoye suna hawar da jini, suna taɓa hanta da zuciya, suna kuma rage ƙwayoyin haihuwa. Akwai masu shan maganin Dexamethasone wai don su yi jiki, alhali shi fuska da ciki yake kumburawa, tsoka kuwa cinye ta yake yi. Duk wanda ya matso ya ce yana da abin da zai gaggauta maka, ka ce masa ka gode.

Ni ma na biya kuɗin wannan karatu. A wani lungu na fara, inda ƙarfen namu siminti ne da aka zuba a gwangwanin fenti biyu aka soka bututu a tsakiya, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ba wanda ya san kilo nawa ne. Wata rana aka yi musu, wani da ya girme ni ya ɗaga sau goma, na ce sai na yi sha biyu. A na tara na ji kafaɗar hagu ta yi ƙas. Wata uku ban iya sa riga ba sai an taimaka mini, kuma har yau in sanyin hunturu ya shigo tana gaishe ni.

Azumi in ya zo kada ka ajiye littafin. Ka rage zubi uku zuwa biyu, ka mayar da ƙarfe bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan tarawihi, ka bar neman ƙarin nauyi sai bayan salla. Riƙe abin da ka samu shi ne aikin watan. Lokacin zafi kuma asubar da ka zaɓa ita ce daidai, ka dai tafi da ruwa.

Saura gwiwa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ba zan iya gane ciwo daga wasiƙa ba, amma mai kilo 96 da yake sassarfa a kan inji kusan kullum, wataƙila da takalmin da ya riga ya mutu, ba abin mamaki ba ne gwiwarsa ta yi ƙara. Ka dakatar da gudu da tsalle na sati huɗu, ka koma keken motsa jiki da tafiya, ka ɗaga sirdin keken yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka. Ka bambance ciwo biyu: tsamin jiki da yake zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki, a cikin naman tsoka, wannan ba komai, da kansa yake tafiya. Ciwon da yake cikin gaɓa, mai suka, wanda yake ƙaruwa kana cikin motsi ko ya kwana ya wuni bai lafa ba, wannan umarnin tsayawa ne. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sakin ka kana tafiya, ko tana tashin ka daga barci, ka bar jim ka je asibiti a duba, a haɗa ka da likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi.

Kafin Litinin ɗin da za ka fara ma, ka tsaya a gwada maka jini da suga. A shekarunka da faɗin ƙugunka mutum yana iya yawo da hawan jini bai sani ba, kuma ɗaga nauyi tare da riƙe numfashi yana harba jini sama nan take. Ka riƙa fitar da numfashi lokacin da kake turawa ko ɗagawa. In ka taɓa jin nauyi ko zafi a ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da aikin da kake yi, ka sauka daga injin a lokacin, likita ne zai ce ka koma.

Sikeli sau ɗaya a sati ya isa, rana ɗaya, da safe, tef kuma duk sati biyu. In sati uku suka wuce a jere babu wanda ya motsa a cikinsu, kada ka ƙara awa a jim, ka koma ka duba abin da yake shiga shago a leda da kwalba. Bayan sati shida ka aiko mini da hoton shafukan littafin da awon ƙugunka na farko da na ranar, da abin da gwiwar take cewa, sai mu ga ko lokacin cire bencin daga bayanka ya yi.